ZARE: Lord of the Flies da yaran Tonga shida da suka rayu labarin da gaske

1/ Duk fim ɗin da aka ce duniya ta tashi, gwamnati ta rushe, abu ɗaya ake nuna mana: kowa ya koma dabba, mai ƙarfi ya cinye mara ƙarfi. To wai haka mutane suke da gaske? Akwai lokacin da hakan ta faru ga yara shida, aka ga abin da suka yi. Ku biyo ni 🧵

2/ Mu fara da littafin da ya dasa wannan tunanin. A 1954 wani malamin makaranta ɗan Ingila, William Golding, ya fitar da Lord of the Flies. Waɗanda suka yi Literature a sakandare da yawa sun san shi. Ana tsakiyar yaƙi, jirgin sama ɗauke da yara 'yan makaranta ya faɗi a wani tsibiri, babu babba ko ɗaya da ya tsira.

3/ Da farko yaran sun zaɓi shugaba, sun kafa doka, sun kunna wuta don jirgin ruwa ya hango su. Kafin a je ko'ina aka bar wutar ta mutu, suka rabu gida biyu, suka shafa fenti a fuska, suka kashe Simon, suka kashe Piggy. Saƙon Golding: dokar da ke kanmu ce kawai ta hana mu cin juna.

4/ Kada a ga laifinsa da yawa. Mutumin ya yi aikin sojan ruwan Birtaniya a yaƙin duniya na biyu, yana cikin waɗanda suka kai farmakin Normandy a 1944. Ya ga abin da manya masu ilimi suka yi wa juna. Littafin ya karɓu sosai, a 1983 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi.

5/ Yanzu mu tafi Tonga, wata ƙaramar masarauta a tekun Pasifik. A watan Yuni 1965, wasu samari shida 'yan makarantar kwana a Nuku'alofa suka gaji da makaranta. Suka sace kwale-kwalen wani masunci suka shiga teku. Ba taswira, ba kamfas, guzurin ma kaɗan.

6/ Daren farko guguwa ta yaga musu filafilan jirgi, ta karya abin tuƙi. Kwana 8 ruwa yana yawo da su. Ruwan sama suke tarawa a ɓawon kwakwa, kowa ya kurɓi daidai da na ɗan'uwansa. Daga ƙarshe suka faɗa tsibirin 'Ata, wajen kilomita 160 daga gida. Dutse ne tsaye, babu kowa.

7/ Watannin farko sun ji jiki. Ɗanyen kifi, ƙwan tsuntsu, har jinin tsuntsaye suka sha saboda ƙishirwa. Sai da suka hau can saman dutsen suka tarar da kufai: ga gwaza, ga ayaba, ga kaji suna yawo sun zama na daji. Ku riƙe maganar kufan nan, zan dawo kanta.

8/ Suka raba aiki bibbiyu: masu gona, masu girki, masu gadi. Wutar da suka samu kunnawa ba su bari ta mutu ba fiye da shekara. Safe da yamma sai sun yi addu'a da waƙa tare. Ɗayansu ma ya haɗa gita da itace da ɓawon kwakwa da wayoyin da ya ciro daga tarkacen jirgin.

9/ Sun yi faɗa mana, ai mutane ne. Amma dokarsu: in biyu suka ɗau zafi, kowa ya nufi ɓangarensa na tsibirin har ya huce, sannan a dawo a sasanta. Da ɗaya ya zame daga dutse ya karye a ƙafa, suka ɗaure masa da itace, suka ɗauke masa aikinsa har ya warke.

10/ Ranar 11 ga Satumba 1966 wani kyaftin ɗan Ostireliya, Peter Warner, ya hango ciyawa a ƙone a jikin dutsen, ya matso. Wata 15 ke nan. Duka shida da ransu, lafiya lau. A gida har an yi musu zaman makoki. Abin dariya, suna sauka aka kama su saboda satar kwale-kwale, sai da Warner ya biya mai shi 😅

11/ To kufan nan fa? 'Ata da mutanensa. A 1863 wani kyaftin mai suna Thomas McGrath ya yaudari mutum 144 suka shiga jirginsa, ya tafi da su don a sayar da su bayi zuwa Peru. Sarki George Tupou I ya kwashe ragowar zuwa tsibirin 'Eua. Kajinsu da gwazarsu ne suka ciyar da yaran bayan shekara 100.

12/ Kun ga ke nan, ta'asar da aka taɓa yi a wannan tsibiri ba yaran da suka rasa doka ne suka yi ta ba. Manya ne da suka zo da jirgi daga ƙasashe masu kotu da gwamnati.

13/ Ba ina cewa labari ɗaya ya ƙaryata Golding ba. Yaran nan abokai ne, su shida ne kacal, kuma sun taso inda ake koya wa yaro raba abinci da girmama na gaba. Abin da suka saba yi a gida shi suka ci gaba da yi da babu mai kallonsu.

14/ Abin da ya dame ni shi ne, littafin Golding an karanta shi a makarantun duniya shekara da shekaru, labarin yaran Tonga kuwa sai a 2020 ya bazu, bayan marubuci Rutger Bregman ya tono shi. In kullum ana gaya maka maƙwabcinka zai cinye ka ranar tsanani, kai ma da shirin cin sa za ka kwana.

15/ Tambayata gare ku: da ku da abokanku biyar na makaranta ne a 'Ata, wa zai riƙe wuta, wa zai fara tayar da rigima? Ku kira su a ƙasa 👇