Wa ke ba manomin rake jari?

Rake ba ya sauri. Daga ranar da ka binne iri a fadama zuwa ranar da za ka sa adda, sai ka ci kusan shekara, kuma duk tsawon wannan lokaci kuɗi fita yake yi: ƙwadago, taki, ban-ruwa, huɗa. Shi ya sa a ƙasarmu, daga Hunkuyi zuwa Makarfi har Ikara, maganar jari ta girmi maganar banki nesa ba kusa ba. Kakana ya yi noman rake bai taɓa taka ƙofar banki ba, kuma bai taɓa shekara babu bashi a kansa ba. Bashi hanji ne, in ji shi, yana cikin kowa.

Hanyar da ya fi bi ita ce sayar da rake a tsaye. Idan damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, sai ɗan kasuwa ya zo ya zaga gonar, ya duba kaurin kara da tsawon gaɓa, a yi ciniki a gaban shaidu biyu, ya ba da kuɗi ko wani kaso. Rake na nan a gonarka, kai ke kula da shi, amma ba naka ba ne. Masu hatsi kuma suna da falle: ka karɓi kuɗi da damina, ka biya da dami ko buhu da kaka, a farashin da aka yanke tun kana cikin matsi. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya jinginar da fadama, mai kuɗi ya yi ta nomawa har ranar da aka fanshe. Na san fadamun da jikoki ne suka fanso su.

Ban ce waɗannan hanyoyi na adalci ba ne. Malamai sun daɗe suna faɗa a kan wanda zai ba ka dami ɗaya ya karɓi biyu. Amma mai ba da falle ya san gonar, ya san ubanka, ya san watan da za a sare. Idan ambaliya ta kwashe fadama, da idonsa ya gani, kuma sau da yawa a ɗaga biya zuwa baɗi, domin gobe ma yana son rakenka.

Abin da ya fara sa mutanenmu neman jari mai kauri shi ne mazarƙwaila. A zamanin yaƙin duniya na farko, 'yan mishan na Zariya sun kafa wani ƙauye a Gimi, kusa da layin dogon da ya isa Kano a 1911, kuma a can aka fara gwada injin matse rake. Cutar barci ta watsa zaman, amma sana'ar ta tsira ta bazu. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya san abin da take ci: injin ƙarfe mai doguwar sanda, doki yana zagayawa da ita, yaro yana cusa kara, ruwan yana gangarawa cikin garwa, ga babban kasko a kan wutar busasshiyar tuƙa, a yi ta kwashe kumfa har ya yi kauri a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Inji da doki da kasko ba abin da talaka zai saya da kuɗin kaka ɗaya ba ne. Sai ubangida ya saya ya danƙa wa yaronsa, a riƙa raba riba, bayan 'yan shekaru yaron ya tsaya da ƙafarsa. Yawancin manyan dillalan raken da na tashi na gani a kasuwar Makarfi, haka suka fara, da kuɗin wani.

Hukuma ta shigo ne ta wata ƙofa. Tun daga 1928 aka fara ba manoman Arewa bashin shanun huɗa da garma daga baitulmalin En'e, a biya a hankali. Wannan bashi ya fi na baya-bayan nan dawowa, saboda dagaci da hakimi ne ke tsaye a kai, kuma babu mai son a kira shi gaban hakimi. Dokar ƙungiyoyin gama-kai ta zo a 1935. A 1973 aka buɗe Bankin Manoma na ƙasa, hedkwatarsa a Kaduna, nan kusa da mu. A 1977 gwamnatin soja ta tilasta wa bankuna buɗe rassa a karkara, ta kuma kafa asusun da ke tsaya wa manomi, wanda zai biya banki kashi 75 cikin ɗari na abin da ya maƙale idan manomin ya gaza.

A takarda babu abin da ya rage. A ƙasa kuwa, banki yana son takardar mallakar fili, alhali fadamar gado ce ta mutum goma sha, ba ta da wata takarda sai shaidar maƙwabta. Ana cika fom da rani, kuɗi ya fito bayan an gama shuka, ya tafi a bikin aure ko a sayi babur. Ga maganar kuɗin ruwa, wadda dattawa da yawa ba su ko tsaya sauraron bayaninta ba. Waɗanda suka ci moriyar su ne masu sanin hanyar ofis, ciki har da manoman da gonarsu ba ta wuce cikin fayil ba. Daga nan kuma talaka ya ɗauki darasi mara kyau, cewa bashin gwamnati rabonsa ne na arzikin ƙasa. Bankin Al'umma na zamanin Babangida, wanda aka buɗe a 1989 don ba masu ƙananan sana'o'i rance babu jingina, bai wuce shekara goma sha ɗaya ba aka narkar da shi cikin Bankin Manoma a 2000. Shirin Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015 shi ma da kukan rashin biya ya ƙare.

Ikara ta nuna wani gefen matsalar. An kafa kamfanin sarrafa tumatir a can a 1981, ya yi shekaru masu yawa a rufe. Mai tumatir da ya ci bashi ya sayi injin ban-ruwa, idan kowa ya kwashe a mako ɗaya kwando ya faɗi, ba shi da inda zai kai. Ko rancen babu ruwa ne, da me zai biya? Ni a ganina buɗaɗɗen kamfani mai saye a kan kari ya fi wa manomi rancen banki amfani.

Mata kuwa ba su jira kowa ba. Adashi ne bankinsu tun kafin a san naira a 1973: uwar adashi ta aiko yarinya ta karɓi zubi, ranar kasuwa ko ranar Juma'a, mai kwasa ta sayi buhun gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli, ko tunkiya ta ɗaure don babbar salla. Gudummawar biki ma ajiya ce, kowa na riƙe da lissafin abin da aka kawo mata don ta mayar da ƙari. Naira dubu goma ta TraderMoni da aka raba a 2018, mata da yawa a unguwarmu adashi suka zuba ta.

Yau akwai Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 ba tare da ruwa ba, akwai ƙananan bankuna, akwai tallafin da ake cikewa a waya. Ina gaya wa matasa su nema, su yi wa ƙungiyarsu rajista, su riƙe littafin shiga da fita, kuma kada su ba kowa ko sisi don ya sa sunansu a jerin tallafi. Amma idan na tambayi yaran da ke noman inabi a Kudan, ko masu POS a bakin tasha, inda suka samo kuɗin farawa, amsar ba ta cika wuce uku ba: babban wa ne ya bayar, ko an kwashi adashi, ko an sayar da sa.