Yadda Aka Soma Jarraba Malaman Makaranta a Arewa

Tun kafin Turawa su zo ƙasar nan mutanenmu sun san bambancin wanda ya ce ya yi karatu da wanda aka gwada shi aka gani. Almajirin da ya haddace Alƙur'ani, in yana so a kira shi alaramma, sai ya zauna ya rubuce shi da ka, sa'an nan a kai gaban waɗanda suka riga shi, su bi rubutun baƙi baƙi, wasali wasali. Ba wanda ya ɗauki wannan a kan wulaƙanci. Saboda haka in yau aka ce wa mai digiri sai ya ci wata jarrabawa kafin a ba shi aji a makarantar gwamnati, kada ya zaci baƙon abu ne aka kawo masa.

Da aka zo kafa makarantun boko ma, da malamai aka fara. Cikin 1909 Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, ya tara waɗansu malaman Arabiyya ya koya musu boko da lissafi, don su ma su koyar. Cikin 1922 kuma Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ba a gina ta don kome ba sai don horon malamai. Shekara biyar ake yi, kowane lardi kuwa 'yan yara kaɗan yake aikowa, waɗanda aka tace aka sake tacewa. Daga nan Ahmadu Bello ya fito cikin 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Imam ya fito cikin 1932 ya koyar a Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma cikin 1933 ya koma Midil ta Bauci. Duk ukun nan alli suka fara riƙewa kafin duniya ta san su.

Makarantun Elementare na En'e su kuma an buɗe musu nasu wuraren horo, kamar na Bauci da Katsina da Toro. A hankali aka tsara takardun shaida hawa hawa, akwai mai daraja ta uku, akwai ta biyu wadda aka fi sani da Gired Tu. Albashin malami kuwa takardarsa yake bi, wanda ba shi da ita yana can ƙasan littafi ko da ya yi furfura a aji.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, gama jarrabawar nan iri biyu ce. Akwai ta alƙalami, inda za a tambayi mutum Ingilishi da lissafi da hanyoyin koyarwa. Akwai kuma ta tsayuwa gaban yara. Sai a ba ɗalibi aji, mai jarrabawa ya ja kujera ya zauna can baya, yana duban yadda ya shirya darasinsa, da yadda yake rubutu a allo, da yadda yake jefa tambaya, da abin da zai yi in yaro ya ba da amsar da ba ita ba. Sau da yawa gwanin alƙalami nan yake yin tuntuɓe, harshensa ya sarƙe, yara su yi ta hamma. Ku da kuka koyi karatu da girmanku kun fi kowa sanin wannan. Kun ga malamin da ya san abu amma ya kasa sa shi cikin kanku, kun kuma ga wanda bai kai shi ilmi ba, amma cikin mako guda ya sa kuka rubuta sunanku.

Aibin wancan zamani ɗaya ne, ƙofar ta yi ƙunci ƙwarai. Malaman nagari ne, amma ba su da yawa, garuruwa da dama ba su da makaranta ko ɗaya. Bayan samun mulkin kai aka yi ƙoƙarin faɗaɗawa, aka buɗe babbar kwalejin malamai a Zariya cikin 1962, inda ake ba da takardar NCE.

To, sai ga shekarar 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta. Niyya ce mai kyau, ba mai musun haka. An yi lissafin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun hallara. Ina za a sami malamansu? Aka gajarta horo, aka ɗebi waɗanda suka faɗi jarrabawa da waɗanda ba su ma zauna mata ba, aka ba su aji, da nufin a gyara su daga baya. Domin wannan gyara ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna cikin shekarar nan, ta riƙa koyar da su suna bakin aikinsu. Ta yi aiki, amma icen da aka bari ya bushe a karkace ba ya miƙuwa da sauƙi. Ban da haka kuma, da aikin ofis ya yi wuya, sai koyarwa ta zama inuwar da kowa ke fakewa, wani da takardar gaskiya, wani da wasiƙar babban mutum.

Cikin 1993 aka yi dokar kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, watau TRCN, don a san wane ne malami. Shekaru da yawa takardar makaranta kaɗai take dubawa ta yi wa mutum rajista. Sai cikin 2017 ta soma yin jarrabawa tata, a kan kwamfuta, kafin ta ba da lasin. Wanda digirinsa ba na koyarwa ba ne kuma, sai ya ƙara da difloma ta aikin koyarwa tukuna.

Cikin wannan shekara ce kuma aka ga abin da ya girgiza mutane. Gwamnatin Jihar Kaduna ta jarraba malaman firamare wajen 33,000 da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce sai wanda ya sami 75 cikin ɗari ya ci. Mutum 21,780 ba su kai ba, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta ce ba a yi adalci ba, ta ce hukumar rajista ce ke da ikon jarraba malami, har ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Ni dai a ganina kowane gefe yana da abin faɗa. Yaron talaka ba shi da wata makaranta sai ta gwamnati, in malaminsa bai iya lissafin aji huɗu ba an cuce shi, shekarun nan kuwa ba sa dawowa. Amma shi ma mutumin da aka ɗauka ba tambaya, ya shekara ashirin yana aiki, ya yi aure ya tara iyali, sa'an nan rana ɗaya a ce ya tafi gida, ba shi kaɗai ne mai laifi ba. Da an gwada shi tun a bakin ƙofa, da ya koma ya ƙaro ilmi, ko ya kama wata sana'a tun da sauran ƙarfinsa.

Wannan ne ya sa nake ganin jarrabawar shiga ta fi amfanar saurayin da ya fito jami'a bisa kowa, ko da yake shi ne ya fi ƙorafi a kanta. Jami'o'i sun yi yawa, digirin wannan ba ɗaya yake da na waccan ba, mai ɗaukar aiki kuwa ba shi da hanyar bambancewa. In ba ma'auni guda da za a auna kowa, sai wanda ya san wani ya shige, ɗan manomi ya tsaya a waje da takardarsa a hannu. Sai dai fa jarrabawar kwamfuta rabin aikin da take yi, ba ta ganin mutum tsaye gaban yara yadda mai jarrabawar Gired Tu yake ganinsa daga kujerarsa ta baya.

Kaduna ta nemi sababbin malamai 25,000 su maye gurbin waɗanda aka sallama, ta jarraba su kafin ta ɗauka. Duk da haka, da aka sake tacewa cikin 2018, sai da aka fitar da sama da 4,000 daga cikin sababbin. Cikin 2022 kuma ta sake sallamar mutum 2,357, waɗansu don sun faɗi wata jarrabawar, waɗansu don sun ƙi zama mata.