Yadda Ma'aikatan Laburare na Arewa Suka Koyi Aikinsu

Sa'ad da En'e-en'e suka buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa, galibin waɗanda aka danƙa wa makullansu ba su taɓa koyon aikin ba, ba su kuwa da wanda za su tambaya. Littafin da ba a jera shi bisa ƙa'ida ba, da shi da babu duk ɗaya ne.

Taron da UNESCO ta kira a Ibadan cikin 1953 shi ya haifi ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Afirka ta Yamma a 1954, ta Nijeriya kuma ta kafu a 1962. Cikin 1963 F. A. Sharr, wanda aka gayyato daga Ostareliya, ya rubuta rahoto bisa bukatun Arewa, sa'an nan Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin a 1968.

Duk da haka, sai a wurin taro ko ta wasiƙa ake musayar sani. Wayar salula da ta bazu daga 2001 ita ta rage nisan, har ma'aikaci a Unguwar Sanusi ta Kaduna ya iya tambayar takwaransa na Sakkwato yadda ake adana rubutun ajami, ya sami amsa kafin la'asar. Amma rarrabe amsa ta gari da ta banza, har yanzu sai wanda ya sami horo.