Errol Flynn: Robin des Bois na Hollywood da ya taɓa yin fim a ƙasar Cadi

Tarihin yau na wani ɗan wasan fim ne daga Ostireliya, wanda a zamaninsa duk duniya ta san fuskarsa, kuma wata rana aiki ya kawo shi har maƙwabciyarmu Cadi. Sunansa Errol Flynn.

An haife shi ran 20 ga watan Yuni 1909 a birnin Hobart, a tsibirin Tasmaniya da ke kudancin Ostireliya. Babansa, Theodore Flynn, malamin jami'a ne, masanin ilimin halittu. Sai dai ɗan bai bi sawun uban ba. Lakwal ta gagare shi, har aka kore shi daga wata babbar makaranta a Sidni. Bai kai shekara ashirin ba ya tsallaka Niyu Gini neman arziki: ya yi noman taba, ya yi neman zinariya, ya kuma yi aikin ɗebo 'yan ƙasa ana kai su ƙwadago a gonaki da ma'adinan Turawa. A can ya kwaso zazzaɓin cizon sauro da ya riƙa taso masa har ƙarshen rayuwarsa.

Shigarsa fim kamar da wasa ta zo. A 1933 wani mai shirya fim ɗan ƙasarsu, Charles Chauvel, ya ga tsayinsa da kyan fuskarsa ya saka shi a In the Wake of the Bounty. Daga nan ya wuce Ingila, ya koyi wasan daɓe a garin Northampton, sai kamfanin Warner Bros ya ɗauke shi zuwa Amurka. A 1935 aka ba shi babban matsayi a Capitaine Blood, labarin wani likita da aka sayar bawa ya koma ɗan fashin teku. Yana da shekara 26 a lokacin, kuma fim ɗin nan shi ya ɗaga shi sama. Abokiyar wasansa Olivia de Havilland ce, wadda suka fito tare a matsayin masoya a fina-finai takwas. A 1938 suka yi Les Aventures de Robin des Bois, mai launi, a zamanin da galibin fina-finai baƙi da fari ne. Robin ɗin nan mai koren kaya, mai kwari da baka, mai ƙwace wa masu kuɗi ya ba talakawa, har yau idan aka zana shi kamannin Flynn ake zanawa.

To amma mutumin da ke cikin allon sinima daban, na gida daban. Flynn ya shahara da giya da neman mata kamar yadda ya shahara da wasan takobi. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya nemi shiga soja aka ƙi shi saboda ciwon zuciya da tarin fuka da zazzaɓin nan. Kamfanin bai so a san haka ba, don kar a ce jaruminsu ba lafiyayye ba ne. Sai mutane suka yi ta masa gori cewa yaƙinsa a fim kawai yake. Da ya fito a Objective, Burma! a 1945, 'yan Ingila suka fusata don fim ɗin ya nuna kamar Amurkawa ne suka yi yaƙin Bama su kaɗai, har aka janye shi daga gidajen sinimar ƙasar.

Babban tabon da ke tarihinsa shi ne shari'ar Los Angeles. A ƙarshen 1942 aka gurfanar da shi bisa zargin kwanciya da 'yan mata biyu da ba su kai shekara 18 ba. Lauyansa, Jerry Giesler, ya mayar da shari'ar kan 'yan matan, ya yi ta tono rayuwarsu ta baya a gaban jama'a. A watan Fabrairu 1943 masu taimaka wa alƙali su 12, tara daga cikinsu mata, suka wanke shi. Kotu ta yanke hukuncinta, ba za mu ce ya yi abin da ta ce bai yi ba. Abin lura dai shi ne yadda jama'a suka ɗauki maganar: aka mayar da ita abin raha, farin jininsa bai ragu ba, su kuwa yaran aka bar su da kunya. Kuma shekara goma sha shida bayan haka, ranar da ya rasu, yarinyar da ke tare da shi shekararta 17.

Daga farkon shekarun 1950 tauraronsa ya fara dusashewa. A 1953 ya zuba dukiyarsa a wani fim na Guillaume Tell a Italiya, kuɗi suka ƙare ba a gama ba, bashi ya yi masa katutu. Ya koma zama a jirgin ruwansa mai suna Zaca, yana yawo daga wannan gaɓa zuwa waccan. Da Hollywood ta sake nemansa, matsayin mashayi aka riƙa ba shi, kuma masu sharhi suka ce bai taɓa yin wasa mai kyau irin na lokacin ba, musamman a Le soleil se lève aussi na 1957.

Nan ne labarin ya iso kusa da mu. Waɗanda suka yi lise sun san Romain Gary da littafinsa Les Racines du ciel, wanda ya ci kyautar Goncourt a 1956, labarin wani Bafaranshe mai suna Morel da ya tashi tsaye don hana kashe giwaye a Cadi. A 1958 John Huston ya mayar da shi fim, aka zo ɗauka a Fort-Archambault, garin da yau ake kira Sarh, lokacin ƙasar tana hannun Faransa. Akwai Trevor Howard da Juliette Gréco da Orson Welles a ciki. Zafin rana da zazzaɓi da ciwon ciki suka kwantar da ma'aikata da yawa. Flynn ya fito a matsayin Forsythe, tsohon hafsan soja da giya ta gama da shi, yana neman wanke kansa ta hanyar taimakon Morel. Wanda ya kalli fim ɗin zai ga fuska kumburarriya, da wuya ya yarda wannan ne Robin na shekara ashirin baya.

A ƙarshen 1958 ya je Kuba ya sadu da Fidel Castro. Ran 14 ga Oktoba 1959, yana Vancouver ta Kanada kan cinikin jirgin nan nasa don ya samu kuɗi, zuciyarsa ta buga. Shekararsa 50, amma likitocin da suka duba gawar sun tarar da hanta da zuciya sun lalace ƙwarai. Ɗansa Sean, wanda ya haifa da matarsa ta fari, Bafaranshiya Lili Damita, ya zama mai ɗaukar hoton yaƙi, ya ɓace a Kambodiya a watan Afrilu 1970, ba a sake ganinsa ba.

Matasanmu masu sha'awar fim da waƙa, suna abu ne mai daɗi, amma yana sa mutane su daina gaya maka gaskiya. Flynn ya samu kamfani mai rufa masa asiri da lauya mai fitar da shi da 'yan kallo masu yi masa uzuri, aka rasa mai ce masa ya isa haka. Mu ma 'yan kallo sai mu duba yadda muke yi idan yarinya ta kawo ƙarar wani da muke so: wa muke fara tuhuma?

Allah ya sa mu gama lafiya. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.