Tashar Port Sudan: ƙofar da kayan Khartoum ke shigowa

Galibin alkama, magani da man fetur da ke kaiwa kasuwannin Khartoum da Omdurman, har da unguwar Alsahafa, ta tashar jiragen ruwa ta Port Sudan suke shigowa, a gaɓar Bahar Maliya. Turawan Ingila ne suka gina ta, aka buɗe ta a 1909 don ta gaji Sawakin, wadda duwatsun murjani suka ƙuntata mashigarta. Ta Sawakin ɗin ne alhazan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙasa suka riƙa ƙetarawa Jidda. Tun 1974 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Sudan ce ke kula da tashoshin biyu.

Aikin lodi da sauke kaya ya daɗe a hannun ƙungiyoyin leburori da ake kira kalla, yawancinsu ’yan ƙabilar Beja, kuma dangantaka na da tasiri wajen shiga cikinsu. Shi ya sa duk wani sauyi a tashar kan zama batun abincin dangi. Da gwamnatin Umar al-Bashir ta ba kamfanin ICTSI na ƙasar Filifin hayar tashar kwantena ta kudu na shekara 20, ma’aikata sun tsunduma yajin aiki a Fabrairun 2019 saboda fargabar sallama. Bayan faɗuwar al-Bashir a Afrilu, majalisar soja ta dakatar da yarjejeniyar. A Satumban 2021 kuma magoya bayan shugaban Hadandawa, Muhammad al-Amin Tirik, suka rufe tashar da hanyar Khartoum na kusan mako shida, har burodi ya yi wuya a babban birnin.

Ta fuskar kare haɗari, abin da ya faru a Sawakin a Yunin 2022 ya isa misali. Jirgin Badr 1 da aka yi don tumaki 9,000 an ɗora masa 15,800 zai nufi Saudiyya, ya nutse tun bai bar tashar ba. Ma’aikatan sun tsira, tumaki kusan 700 kawai aka ceto. Lodin da ya kusa ninka ƙa’ida ba abu ne da ke ɓoyuwa ga mai duba jirgi ba.

Bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 gwamnati ta koma Port Sudan da zama. A Agustan 2024 madatsar Arba’at, wadda ke shayar da birnin, ta ɓalle, sannan a Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari kan rumbunan man fetur, wutar ta yi kwanaki tana ci.