Daga Vista zuwa Windows 7: yadda 'yar ƙaramar kwamfuta ta tilasta wa Microsoft rage nauyi



Duk wanda ya taɓa sayen kwamfutar cinya ta gwanjo shekaru goma sha da suka wuce zai iya tuna wani abu. A gefen madannai akwai 'yar takarda manne mai tambarin Windows Vista, amma da ka kunna, XP ce ko Windows 7 za ta bayyana. Mai gyara ya riga ya share Vistar tun kafin kwamfutar ta iso hannunka, in kuwa ka tambaye shi dalili, amsarsa ba ta wuce "nauyi gare ta." Tarihin wannan nauyin nake so mu bi yau: inda ya samo asali, da yadda aka sauke shi cikin ƙasa da shekara uku ba tare da an sake gina babbar manhajar daga tushe ba.

Windows XP ta fito ranar 25 ga Oktoba, 2001. Mafi ƙarancin abin da take nema shi ne ram mai megabait 64 da fili gigabait 1.5 a faifan ajiya. Magajiyarta, wadda a cikin kamfani ake kira Longhorn, an ɗora mata buri mai yawa: sabon tsarin adana bayanai mai suna WinFS, sabon tsarin zana hoto a fuskar kwamfuta, da sauransu. Kowane sashe yana ta ƙara nasa kayan, babu mai duba ko jakin zai iya ɗauka. A watan Janairun 2004, Jim Allchin, wanda shi ne shugaban sashen Windows, ya rubuta wa Bill Gates da Steve Ballmer wasiƙa yana cewa kamfanin ya ɓace hanya, ya kwatanta Longhorn da alade saboda nauyinta, har ya ce da ba a Microsoft yake aiki ba, da kwamfutar Apple zai saya. Wasiƙar ta fito fili ne daga baya a wata shari'a a jihar Iowa ta Amurka. A watan Agustan wannan shekarar aka ajiye aikin da aka yi, aka koma aka ɗora sabon gini a kan tushen Windows Server 2003, WinFS kuma aka bar ta a hanya.

Vista ta isa kasuwa ranar 30 ga Janairu, 2007, fiye da shekara biyar bayan XP. Tana neman ram megabait 512, ninki takwas ke nan, da fili gigabait 15 a faifai, ninki goma. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, domin kwamfutoci ma sun ƙara ƙarfi a tsakanin. Tun a 1995 masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Niklaus Wirth, ya yi ƙorafin cewa manhajoji suna ƙara nauyi da saurin da ya fi na ƙaruwar ƙarfin injina, kuma mutane sun saba da hakan. Abin da ya ɓata lamarin Vista shi ne irin kwamfutocin da aka ɗora ta a kai.

Da fitowarta ta yi jinkiri, masu ƙera kwamfuta sun ji tsoron kada ciniki ya tsaya a 2006, kowa yana jiran sabuwar Windows. Sai aka fito da tambarin "Vista Capable" ana manna wa kwamfutocin XP, ma'ana za su iya ɗaukar Vista in ta fito. Da yawansu suna ɗauke da kayan hoto na Intel 915, waɗanda ba sa iya nuna Aero, wato tagogin nan masu sheƙi kamar gilashi da ake tallar Vista da su. Masu saye suka kai ƙara a Seattle a 2007, kuma a farkon 2008 kotu ta saki wasiƙun cikin gida na kamfanin. A ciki wani ma'aikaci ya rubuta cewa an sassauta sharaɗin ne don taimaka wa Intel ta ci gaba da sayar da kayanta. Mike Nash, ɗaya daga cikin mataimakan shugaban kamfanin, ya koka cewa shi kansa tambarin ya ruɗe shi: ya sayi kwamfutar dala 2,100 da ta ƙare ba ta da amfani sai aika saƙon imel. To, idan ɗan gida ya faɗa wannan ramin, ina ga baƙo?

Mu leƙa cikin injin mu ga abin da ke faruwa. Ram kamar teburin mai shago ne, faifan ajiya kuma sito ne a bayan kasuwa. Abin da ke kan tebur miƙa hannu kawai za a yi, na sito kuwa sai an aiki yaro. Idan teburin ya cika, dole a kwashe wasu kaya a mai da sito don a sami wurin ajiye wasu, can kuma a sake aikawa a ɗauko su. Wannan kai-komon shi ne fitilar faifai da kuke gani tana ta ƙyaftawa, kwamfuta kuma ta sandare. Vista ta zo da wata dabara mai suna SuperFetch, wadda ke lura da manhajojin da ka saba buɗewa ta ɗauko su ta ajiye a ram tun kafin ka nema. Ga mai gigabait 2 dabara ce mai kyau. Ga mai megabait 512 kuwa, ba wurin ajiyewa, kuma a daidai wannan lokacin mai tsara jerin fayiloli don sauƙin bincike yana karanta faifan, mai farautar ƙwayoyin cuta ma yana karantawa, duk a kan faifai ɗaya mai allura ɗaya. An ƙara da ReadyBoost, wadda ke ba ka damar soka filashi ya taimaka wa faifan. Ta ɗan taimaka wa masu ƙaramin ram, amma ba ta maye gurbin sayen ram ɗin ba.

Labarin da ya fi ba ni sha'awa a duk wannan tarihi shi ne na kwafe fayil. Ƙorafin da ya fi yawa a kan Vista shi ne ta fi XP jinkirin kwafewa. Mark Russinovich, ɗaya daga cikin manyan injiniyoyin kamfanin, ya yi dogon bayani a kai a watan Fabrairun 2008, kuma bayanin yana da ban mamaki. XP idan tana kwafe fayil, da zarar ta zuba bayanan a ram sai ta rufe akwatin da ke nuna ci gaban aiki, alhali faifai bai gama rubutawa ba, yana can yana ƙarasawa a ɓoye. Vista kuwa an gina ta ta riƙa rubuta manyan fayiloli kai tsaye, kada su cinye ram, kuma ba ta rufe akwatin sai ta tabbatar aiki ya kammala. Ga shi kuma tana ɓata daƙiƙoƙi tana lissafin lokacin da ya rage kafin ta nuna maka komai. Wato a wasu lokutan Vista ba ta fi XP jinkiri ba, ta dai fi ta faɗin gaskiya. Mai amfani da kwamfuta kuwa ba agogo yake riƙe da shi ba, akwatin yake kallo. Da gyaran farko na Vista, SP1, ya fito a 2008, sai aka mai da yawancin kwafewar kan tsohuwar hanya ta bi ta ram. A ganina nan ne Microsoft ta fara gane cewa saurin da injiniya ke aunawa daban, saurin da mutum ke ji a jikinsa daban, kuma na biyun ne ake ciniki da shi.

Akwai kuma matsalar direbobi, ƙananan manhajojin da ke tafinta tsakanin Windows da kayan ƙarfe. Vista ta sauya tsarinsu, kamfanoni kuma ba su shirya ba. Takardun waccan shari'ar sun nuna kusan kashi 29 cikin ɗari na faɗuwar Vista da aka tattara a wani lokaci na 2007 daga direbobin hoto na Nvidia suka fito. Amma wanda kwamfutarsa ta mutu yana tsakiyar aiki, sunan Windows ya sani.

Duk da haka, ban ga alamar ƙorafi kaɗai zai sa a sauya hali da wuri ba, domin masu ƙorafin ba su da wurin zuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Oktoban 2007 kamfanin Asus na Taiwan ya fito da Eee PC, 'yar kwamfuta mai fuska inci 7, ram megabait 512, ma'ajiya gigabait 4, a kan dala 399. Vista mai neman gigabait 15 ko shiga ba za ta yi ba, don haka Linux aka sa mata. Ta yi kasuwa ƙwarai, sauran kamfanoni suka bi sahu, aka sa wa irinsu suna netbuk. Abin da Microsoft ta daɗe tana tsoro ke nan, mutanen gari su saba da kwamfutar da babu Windows a cikinta. Ba ta da abin ba su sai XP, wadda ta shirya daina sayarwa a ƙarshen Yunin 2008. A watan Afrilun wannan shekarar ta sanar cewa za a ci gaba da ɗora XP a kan irin waɗannan ƙananan kwamfutoci har zuwa 2010. Ku duba fa: kamfani yana tallar sabuwar haja, yana kuma ciro tsohuwa mai shekara bakwai daga sito don kada kasuwa ta kuɓuce masa.

Aikin magajiyar Vista yana hannun Steven Sinofsky, wanda aka ɗauko daga sashen Office a 2006, tare da Jon DeVaan. Abin da suka sa a gaba shi ne awo. Sun riƙa tattara bayanai daga kwamfutocin mutanen da suka amince, suna ganin daƙiƙa nawa kowace ke ɗauka kafin ta tashi, da abin da ke riƙe ta. A 2008 suka bayyana wani gwaji: kwamfutar da aka sayo daga kanti tana ɗaukar wajen daƙiƙa 45 kafin ta tashi, da aka share ta aka ɗora Vista SP1 zalla sai ta koma wajen 23. Rabin jinkirin ashe tarkacen manhajojin da masu ƙera kwamfuta ke cusawa ne. Burin da suka sa wa kansu shi ne daƙiƙa 15 a kan kwamfuta mai kyau.

Gyare-gyaren da aka yi ba masu ɗaukar ido ba ne. A da, yawancin ƙananan ayyukan bayan fage suna tashi ne tare da kwamfuta su zauna suna jira, ko ana buƙatarsu ko ba a buƙata. Windows 7 ta koya musu barci har sai an taɓa su, misali mai kula da wata na'ura ba ya tashi sai an soka na'urar. Direbobi suka riƙa tashi tare maimakon bin layi. An rage wa SuperFetch zumuɗi. Sai batun tagogi, wanda lissafinsa ke da sauƙi. A Vista, kowace taga ta manhajojin da aka saba tana da hoto biyu, ɗaya a katin hoto, ɗaya a ram. Taga mai ɗigo 1280 sau 1024, kowane ɗigo bait 4, megabait 5 ke nan. Buɗe ashirin, ka ba da megabait 100 a banza, kashi ɗaya cikin biyar na ram ɗin mai 512. Windows 7, idan ta sami sabon direba, ta daina ajiye kwafi na biyun. A can cikin zuciyar manhajar kuma, wani injiniya mai suna Arun Kishan ya wargaza wani tsohon makulli guda ɗaya da duk masarrafai ke layi a kansa kafin a raba musu aiki, abin da ya ba Windows damar tafiyar da masarrafai har 256. Wannan ya fi amfanar manyan kwamfutocin kamfanoni, ba irin namu ba. Ita ce kuma Windows ta farko da ke gane faifan SSD ta daina yi masa jeren gutsattsarin fayiloli, aikin da ke amfanar faifai mai juyawa amma yake cinye rayuwar SSD a banza.

A taron masu gina manhaja na Oktoban 2008 a Los Angeles, Sinofsky ya ɗaga wata netbuk mai ram gigabait 1 a gaban jama'a, ya ce Windows 7 ce a kanta, kuma bayan ta tashi wajen rabin ram ɗin yana nan ba a taɓa ba. Saƙon na masu ƙera netbuk ne kafin kowa. Apple ma a daidai wannan lokacin irin hanyar ta bi: Snow Leopard, da ta fito ranar 28 ga Agusta, 2009 a kan dala 29, an tallata ta ne da cewa babu sabon abu ko ɗaya a cikinta, gyara ne da rage ƙiba, har tana mai do wa mutum gigabait da dama na faifansa.

Windows 7 ta fito ranar 22 ga Oktoba, 2009, aka karɓe ta hannu bibbiyu. Sai dai adalci ya sa a faɗi wani abu. Lambar Vista ta cikin gida 6.0 ce, ta Windows 7 kuwa 6.1. Gida ɗaya ne aka share aka fitar da tarkace. Direbobin da suka wahalar da Vista sun nuna a cikin shekaru ukun, kuma su ɗin ne Windows 7 ta gada. Ram ya yi araha, gigabait 2 ya zama abin da aka saba gani a sabuwar kwamfuta. Mafi ƙarancin ram da Windows 7 ta nema a hukumance ma gigabait 1 ne, ninki biyu na abin da aka rubuta wa Vista. Wato wani ɓangare na "saurin" nata ya samu ne daga daina yi wa mai saye alkawarin da injinsa ba zai iya cikawa ba. Microsoft ta taɓa ƙoƙarin nuna an zalunci Vista: a 2008 ta nuna wa wasu mutane ita da sunan ƙarya, Mojave, suka yaba, sannan aka gaya musu Vista ce. Masu suka suka ce ai a kan kwamfuta mai ƙarfi aka nuna musu, kuma ba su suka yi fama da ɗora ta ba. Duka ɓangarorin biyu suna da gaskiyarsu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi nuna zurfin tabon. Windows 8 a 2012 da Windows 10 a 2015 duk sun tsaya a kan gigabait 1 na ram ga nau'in 32-bit, gigabait 2 ga na 64-bit, daidai da Windows 7. Kamfanin da ya ninka buƙatar ram sau takwas tsakanin XP da Vista ya shekara goma sha biyu bai taɓa wannan lambar ba. Shi ya sa kwamfutocin gwanjo masu tambarin Vista da Windows 7 suka daɗe suna aiki a shagunan buga takardu da ɗakunan ɗalibai, ana ta ɗora musu sabuwar Windows suna ɗauka, ko da da ɗingishi. Sai a watan Oktoban 2021 Windows 11 ta ɗaga sharaɗin zuwa ram gigabait 4 da ma'ajiya gigabait 64, ta ƙara da neman guntun tsaro na TPM 2.0, wanda yawancin waɗancan tsofaffin injinan ba su da shi.