Maraɗi: Daga Ƙauyen Gulbi Zuwa Birnin Alhazai

Gabatarwa

Ni mutumin Daudawa ne ta ƙasar Faskari, kuma a wajenmu tun kafin yaro ya ga sunan Maraɗawa a littafi ya riga ya ji shi a bakin tsofaffi, wato maharan nan masu dawaki waɗanda ake hawa dutse saboda su. Da na fara koyarwa sai na lura ɗalibanmu kan bi tarihin Katsina har Jibiya, daga nan su ja burki kamar ƙasar Hausa ta ƙare. A wannan takarda za a yi ƙoƙarin tsallakawa, a nuna cewa garin da aka raya don yaƙar Katsina, duk girman da ya yi daga kudu ya samo shi.

Kafuwar Gari

Kafin jihadi Maraɗi ƙauye ne na manoma da maharba a cikin kurmin kwarin gulbi, ƙarƙashin mulkin Katsina. Shi kansa sunan na sarauta ne. Da Birnin Katsina ya faɗa hannun su Malam Umarun Dallaji a 1807, Sarki Magajin Halidu ya rasu a Ɗankama, sai sauran gidan sarautar suka bi Ɗan Kasawa zuwa Damagaram. Wajen 1819 ne mutanen kwarin suka yi wa masu jihadi tawaye, Ɗan Kasawa ya zo ya zauna a Maraɗi. Abin lura shi ne bai ɗauki wata sabuwar sarauta ba. Sarkin Katsina ya zo, Sarkin Katsina ya zauna, har yau kuwa da wannan suna ake kiran magadansa.

Garin ya rayu da gero da ganima. Sarki Rauda ya faɗi a yaƙin Gawakuke a 1836 tare da Sarkin Gobir Ali, amma wannan bai kashe wutar ba, domin Gobirawa sun kafa Tsibiri dab da Maraɗi, sa'an nan Ɗan Baskore ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana kai hari kudu. To, mu da aka kai wa harin muna da namu labari, amma a ganina kuskure ne malami ya koyar da wannan zamani da bakin ɓangare guda.

Gyaɗa da Ambaliya

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1904 da ta 1906 ita ta bar Maraɗi a hannun Faransa, Katsina kuwa a hannun Ingila. Yaƙi ya mutu, garin ya yi sanyi. Abin da ya tashe shi gyaɗa ce, ita kuma gyaɗar ba ta da hanyar teku da ta fi jirgin ƙasan Kano, wanda ya fara jigila a 1912. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, suka riƙa ba 'yan gari kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo musu. A nan ne kakannin attajiran Maraɗi suka koyi juya dukiyar wani kafin su sami tasu.

A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya ci tsohon gari. Faransawa suka mai da jama'a kan tudu, suka yanka tituna miƙaƙƙu, kasuwa da kanti suka koma tsakiya. Wanda ya je neman ganuwar Ɗan Kasawa a cikin birnin yau zai sha wuya, don birnin da yake tafiya a ciki na bayan ambaliya ne.

Zamanin Alhazai

Bayan samun mulkin kai gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don ya riƙe cinikin gyaɗa. Ba a jima ba farin 1968 zuwa 1974 ya sauka, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Bisa ga al'ada garin da amfanin gonarsa ya mutu shi ma mutuwa yake yi. Maraɗi kuwa ƙaruwa ta yi, saboda a daidai lokacin kuɗin man fetur ya cika Nijeriya, gwamnatinta kuma tana hana shigo da wasu kaya. Sai Alhazai suka riƙa ɗauko taba da atamfa da shinkafa daga tashar Kwatano, su sauke a Maraɗi, a yi fitonsu zuwa Katsina da Kano, a komo da mai da taki. Bambancin naira da sefa ma ya zama haja. Iyakar da Bature ya shata don ta raba dangi ita ce ta zama gonar garin, shi ya sa duk lokacin da aka rufe ta, kamar a 1984 da 2019 da 2023, kasuwar Maraɗi kan ji a jikinta tun kafin ta Yamai.

Kada dai a manta da manomi. Daga shekarun 1980 manoman jihar suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, wato a bar tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi. Gawo da kalgo suka dawo inda rairayi ya fara ci.

Abubuwan Gani

Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 260,000 a birnin. Baƙo zai ga fadar Sarkin Katsina da dandalin Ɗan Kasawa, da babbar kasuwa, da jar akuyar nan ta Maraɗi wadda fatarta ta yi suna har Turai, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. A kudu da gari akwai tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyansa. A 2021 kuma aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi.

Ni dai abin da na fi so a kai ɗalibai su gani shi ne gulbin. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, yawan ruwan da mai lambu zai samu a fadamar Maraɗi ya rataya ne a kan abin da aka sako masa daga wannan ɓangaren.